Corolla mai tarihin hatsari: in cika kuɗi ko in haƙura?

Jama'a, a ba ni shawara. Na ga Corolla 2010 'yar Kwatano wajen dillali, har na ba da kafin alƙalami. Da ƙanena ya duba lambar shasi a Carfax, shafin intanet mai nuna tarihin mota, ashe an taɓa buge gabanta a Amurka, kamfanin inshora ya yi gwanjonta.

Bakanike ya ce inji lafiya lau. Amma fentin bonet ya bambanta da na ƙofa, sitiyari yana ja dama, kuma fitilar jakar iska ba ta kamawa ko an murɗa makulli. Wannan ne ya fi tsaya min a rai. Dillali dai cewa yake alaimen ne kawai.

Yaya ake gane shasi ya lanƙwashe? Wajen fanel bita zan kai ta ko mai kwamfuta? Juma'a dillalin yake jiran ciko.