Neman shawara: ayyukan ƙungiya sun danne karatuna, ga kuma wata yarinya da ke turo mini saƙo da dare

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina roƙon a sakaya sunana, domin maganar ta shafi wata yarinya da ba na son a gane ta.

Ni ɗalibi ne a aji uku na jami'a, ina karanta kemistiri, shekarata 22. Tun ina aji ɗaya na shiga ƙungiyar ɗaliban sashenmu, yanzu ni ne sakatarenta, kuma ina cikin kwamitin ilimi na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, inda muke koyar da sababbin ɗalibai a ƙarshen mako. A wani dogon hutu na fara ɗora gajerun bidiyo a TikTok ina warware tsofaffin tambayoyin JAMB da Hausa, saboda na lura yara da yawa sun san amsar, Turancin tambayar ne yake kayar da su. Allah ya sa abin ya karɓu, sai na buɗe zauren WhatsApp, na kuma rubuta lambata a shafina domin mai tambaya ya same ni.

Damuwata ta farko ita ce makina na CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da na yi, ya sauko daga 4.1 zuwa 3.6, ga shi abokaina suna matsa mini in tsaya takarar shugabancin ƙungiyar sashe. Ta biyun ita ce ta fi hana ni barci. Akwai wata yarinya 'yar SS2, ta ce shekararta 15, wadda ta fara da tambayoyin karatu, daga baya ta koma turo mini saƙo bayan sha ɗaya na dare tana ba ni labarin yadda ba ta jin daɗin zaman gidansu. Ta taɓa turo mini katin waya, ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa abin da take gaya mini, kuma makon jiya ta ce za ta zo ƙofar makarantarmu ta gan ni. Allah ne shaidata ban taɓa yi mata wata magana da ta wuce nasiha ba, amma zuciyata ba ta kwanta da yadda abin yake tafiya ba. Ina tsoron in toshe ta ta shiga wani hali, ina kuma tsoron in ci gaba abin ya zama fitina. Yayyena da iyayena da ke nan, ku taimaka mini da shawara.

Amsar wani malamin jami'a

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan taɓa ɓangaren karatun, in bar sauran ga waɗanda suka fi ni sani. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'inmu suke amfani da shi, digiri mai daraja ta biyu babba yana farawa ne daga 3.50, ka ga ke nan abin da ya rage tsakaninka da gangarawa kaɗan ne, kuma duk lokacin da kwasa-kwasan da ka ɗauka suka ƙara yawa, ɗaga makin yana ƙara wuya. A gabanka akwai SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai masana'antu, akwai kundin bincike na ajin ƙarshe da zai cinye maka lokaci a ɗakin gwaji. Ni ba na cikin masu cewa ɗalibi ya guji ƙungiya, domin rubuta bayanan taro da tsayawa a gaban jama'a da na koya a ƙungiya sun amfane ni fiye da wasu kwasa-kwasan. Amma kai ayyuka uku ka riƙe bayan karatu, kana neman ƙara na huɗu, alhali Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Ka haƙura da takarar, ka ƙarasa wa'adin sakataren ka miƙa, ka riƙe koyarwar, domin ita ce ta dace da fagenka.

Amsar wata malamar sakandare

Ɗana, da farko na yaba da yadda ka kawo maganar tun kafin ta lalace. Na daɗe ina koyar da 'yan mata masu irin shekarun wannan yarinya, kuma abin da ka kwatanta ba baƙo ba ne a wurina. Yarinyar da ta rasa mai sauraronta a gida, idan ta samu babban da yake amsa mata cikin mutunci, nan take za ta ɗora masa duk nauyin da ke ranta, kuma sau da yawa ita kanta ba za ta iya rarrabe girmamawa da ƙauna ba. Saboda haka aikin rarrabewar naka ne, kai da ka girme ta da shekara bakwai kuma take ganin ka a matsayin malami.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinka shi ne alkawarin riƙe sirri. Babba ba ya ɗaukar wa yaron wani alkawarin ɓoye abin da ya shafi lafiyarsa ko tsaronsa. Ko da niyyarka fara ce tas, kana saba mata da cewa daidai ne ta yi hirar dare a ɓoye da namijin da iyayenta ba su sani ba, kuma wanda zai zo bayanka ba lallai ne ya kasance mai tsoron Allah ba. Ka rubuta mata saƙo ɗaya da rana, cikin taushin harshe, ka ce daga yau tambayoyin karatu a cikin zaure za ka riƙa amsawa inda kowa yake gani, ba za ka karɓi kyauta ba, kuma kada ta zo makarantarku. Ka nuna mata cewa ba laifi ta yi ba, kuma damuwarta ta fi ƙarfin ɗalibi irinka, tana bukatar mace babba da za ta zauna da ita. Sannan ka tambaye ta wace ce ta fi yarda da ita, yayarta ce, ko gwaggonta, ko wata malama a makarantarsu ko a Islamiyya. Kuɗin katin kuwa ka mayar mata da shi, domin ba ka san inda ta samo shi ba.

Amsar wani ɗan'uwa

Ni dai ra'ayina ka toshe lambarta yau ɗin nan ba tare da dogon bayani ba. Manzon Allah (SAW) ya ce namiji ba ya keɓewa da mace face shaiɗan ne na ukunsu, kuma hirar waya da tsakar dare wadda babu mai gani ba ta da nisa da keɓewa. Ka tuna lokacin da yake raka matarsa Safiyya da dare, wasu Ansar biyu suka wuce da sauri, ya tsayar da su ya ce musu Safiyya ce, don kada shaiɗan ya jefa musu wani zato. Idan shi ya kare kansa daga zargi, kai da kake tsayawa gaban ɗalibai da sunan MSSN ka fi bukatar hakan. Ranar da mahaifinta ya ɗauki wayar nan ya ga saƙonnin dare, ba zai tsaya tantance wanda ya fara ba.

Amsar wata uwa

Malam, hadisan da ka kawo gaskiya ne, kuma babu mai ja da cewa hirar dole ta tsaya. Inda na bambanta da kai shi ne toshewa ba tare da an miƙa ta hannun wani ba. Yarinyar nan ta ce akwai abin da ke damunta a gida, kuma har yanzu ba mu san ko faɗan kishiyar uwa ne kawai ko wani abu ne mafi muni ba. Idan aka rufe mata ƙofa haka kawai, wata ƙofar za ta nema. Sannan ina jan kunnen mai tambaya kada ya kira mahaifinta kai tsaye. Na ga gidan da irin wannan kira ya jawo aka yi wa yarinya dukan kawo wuƙa, aka cire ta daga makaranta tana dab da rubuta WAEC, alhali babu abin da ya faru. A bi ta hannun mace, kuma macen ta fara zama da yarinyar kafin ta je wa iyayen.

Amsar wani lauya

Ƙanena, ka san matsayinka a gaban doka. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta yaudarar yaro ta intanet da nufin lalata da shi, tare da mallaka ko yaɗa hotunan batsa na yara. Daga abin da ka faɗa ba ka aikata ko ɗaya ba, kuma saƙonnin da ke wayarka su ne shaidarka, don haka kada ka goge hirar, ka nuna ta ga malamin da yake uban ƙungiyarku domin a samu babban da ya san maganar tun yanzu. Kada ka taɓa neman hotonta ko kiran bidiyo da ita. Idan kuma ya bayyana ana cutar da ita a gida, maganar ta wuce nasiha, sai a kai ta ma'aikatar harkokin mata ta jiharku ko jami'an walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.

Amsar wata mai koyar da lissafi a intanet

Ɗan'uwa, ni ma irin aikinka nake yi, kuma kuskuren da ka yi na taɓa yin sa. TikTok ba ya yarda wanda bai kai 13 ba ya buɗe shafi, kuma ba ya barin wanda bai kai 16 ba ya aika ko ya karɓi saƙon keɓe. Da ka rubuta lambarka a shafi, ƙofar da manhajar ta rufe ce ka buɗe da hannunka. Ka cire lambar yau. Akwai kuma haɗarin da ba a taɓo ba: a zauren WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, kuma na sha kama manyan maza da suka shigo da sunan masu shirin JAMB suna kwashe lambobin 'yan mata. Na koma amfani da tashar WhatsApp da ake kira Channel, inda mabiya ba sa ganin lambata ko ta junansu, tambayoyi kuma ina amsa su a ƙarƙashin bidiyo. Tun da kana cikin kwamitin ilimi, ka mayar da koyarwar ƙarƙashin kwamitin, a sayi layin waya na musamman, a sa ɗalibai mata biyu cikin masu kula da shi, a sa lokacin buɗewa da rufewa. Hakan zai rage maka aiki, ya kuma sa yaran su daina ganin ka a matsayin mutum ɗaya da ke jiran saƙonsu kowane lokaci.

Amsar mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na cire lambata daga shafin, na kuma kai wayata wurin uban ƙungiyarmu ya karanta hirar tun daga farko. Da azahar na tura wa yarinyar saƙo kamar yadda Malama ta tsara, na mayar mata da kuɗin katin. Ta yi fushi, ta ce na ci amanarta, kuma maganar ta yi mini zafi. Bayan la'asar sai ta turo lambar wata gwaggonta da ke koyarwa a makarantar firamare, na miƙa wa Amirarmu, wato shugabar ɗalibai mata ta MSSN, ita za ta kira ta gobe da safe. Maganar takara kuwa na shaida wa abokaina na janye, kuma ranar Asabar zan gabatar wa kwamiti batun layi na musamman da ɗalibai matan da za su riƙe shi.