Zanen fentin mai: daga ina ya faro, kuma me zan duba kafin in biya kuɗi?

Baban Amira:

Assalamu alaikum jama'a. Ina so in sayi zane biyu ko uku na fentin mai, aikin masu zanen wannan zamani, in rataye a falo da ofis. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne farashi. Zane biyu girmansu ɗaya, dukansu na hawan sallah, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan fiye da sau goma, kuma kowane mai sayarwa rantsuwa yake nasa na mai ne na asali. Me ya bambanta fentin mai da sauran? Da gaske ne wani Bature ɗaya ne ya ƙirƙiro shi? Me kuma zan duba da idona, don kada bayan hunturu biyu in tarar abin ya tsattsage?

Na-Samaru:

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Fentin mai abu biyu ne kawai: garin launi, da man da ke ƙanƙarewa idan ya sha iska. Ba kowane mai ke yin haka ba. Man gyaɗa ko manja, ko shekara suka yi a kan katako, danƙo kawai za su yi. Wanda aka fi aiki da shi shi ne man linsid, da ake matsewa daga ƙwayar shukar da ake saƙa yadin lilin da zarenta. Akwai man walnat da na fofi, waɗanda ba su cika komawa ruwan ɗorawa ba, sai dai sun fi jinkiri. Babu wani ruwa da ke tashi daga cikin fentin. Man ne ke haɗuwa da iskar oksijin yana tauri daga sama zuwa ƙasa. Saman yakan daina kama yatsa tsakanin kwana 2 da mako 2, amma cikin sai ya ɗauki wata 6 zuwa shekara, in an labta shi da kauri ma ya wuce haka. Ka riƙe wannan, domin yawancin ɓarnar da za ka gani a kasuwa daga gaggawa take.

Maganar mutum ɗaya ya ƙirƙiro kuwa, ba haka take ba. Marubucin Italiya Giorgio Vasari ne a 1550 ya jingina abin ga mai zane Jan van Eyck na garin Bruges, a Beljiyam ta yau, aka yi ta maimaitawa. Tun ƙarni na 12 wani malamin coci mai suna Theophilus ya rubuta yadda ake niƙa launi da man linsid, har yana kokawa da wahalar jiran kowane shafi ya bushe. A 2008 kuma aka sanar da binciken da ya nuna cewa zanen bangon kogwannin dutse na Bamiyan a Afganistan, na wajen ƙarni na 7, da mai aka yi wasunsu. Abin da Van Eyck ya yi shi ne ya kai sana'ar inda ba a taɓa kai ta ba. A zamaninsa da gwaiduwar ƙwai aka fi kwaɓa launi, ita kuwa cikin mintuna take bushewa, ba ta ba ka damar narkar da wani launi cikin wani. Shi sai ya riƙa shafe allon katako da alli da gam har ya yi fari fat, sannan ya ɗora fenti shara-shara, shafi kan shafi, haske ya ratsa ya bugi farin ya dawo. Shi ya sa koren rigar matar da ke zanensa na Arnolfini na 1434, wanda ke Landan yanzu, har gobe kamar ka kai hannu ka taɓa.

Wajen 1475 mai zane Antonello, mutumin Messina, ya isa birnin Benis na Italiya, kuma a can su Giovanni Bellini da Titian suka rungumi mai gadan-gadan. Garin a kan ruwa yake, danshi na cinye zanen bango, ga kuma yadin filafilan jirgin ruwa a wadace, sai kanbas, wato irin wannan yadi mai kauri, ya ture katako: ya fi sauƙin ɗauka, ana kuma iya yin babba. Launi ma yana da nasa tarihin. Shuɗin da ya fi kowane tsada daga dutsen lazurdi na Badakhshan a Afganistan ake niƙo shi, sai a 1828 aka samu na masana'anta a Faransa. A mafitsarar alade ake ɗaure fenti, a huda a matso, har John Goffe Rand ya fito da tiyub na kuza a 1841, abin da ya sauƙaƙa wa masu zanen Faransa irin su Monet fita bakin kogi su yi zane a fili.

Ƙa'idar da ta ratsa duk waɗannan ƙarnoni ita ce: shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, kowane shafi na sama ya fi na ƙarƙashinsa maiƙo. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa tauri, na ƙasa ya ci gaba da motsi, sai na sama ya dare.

Maman Iman:

Malam Na-Samaru ya share fage. Baban Amira, in ka je, kafin fuskar zanen ta tafi da hankalinka, ka ce a sauke maka shi ka juya bayansa. Mai sayarwar da ya ƙi, ya riga ya ba ka amsa.

Yadin lilin launin ƙasa-ƙasa ne, ya fi ƙarfi da tsada. Na auduga fari-fari ne, kuma ba laifi ba ne in mai kauri ne. Abin gudu shi ne ka ga tabon mai ya ɓullo ta baya kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Wannan na nufin ba a toshe yadin da gam ko farin shafin akirilik (fentin roba da ake sirkawa da ruwa) ba kafin a fara, kuma man zai ci zaren har ya koma yana karyewa. Ka leƙa gefe, ya kamata ka ga farin shafin ƙasa ya leƙo. Ka tambaya da me aka yi shi. In da fentin bango na gini ne, akwai haɗarin ya saki, ya tafi da duk abin da ke kansa. A ƙalla shafi 2 zuwa 3 ake yi.

Sai katakon da aka ɗame yadin a kai. Ka kwantar da zanen a ƙasa mara gargada ka ga ko kusurwa huɗun sun zauna. In ɗaya ta ɗaga, ɗanyen katako ne ya murɗe. Ka duba 'yan ramuka da garin itace, alamar ƙwaro. In gefe ya kai mita 1, ya kamata a ga sanda a tsakiya. Mai kyau yana da 'yan siraran katako biyu-biyu a kowace kusurwa, waɗanda ake bugawa a hankali in yadin ya saki. Kusoshi masu tsatsa suna cin yadi.

Yanzu ka dawo gaba. Ka kunna tocilar wayarka ka kwantar da hasken a gefen zanen. A aikin hannu, sawun buroshi yana bin launi: inda aka ja jar alkyabba, tudun fentin ja ne, kuma ya bi yadda aka ja shi. Akwai hoton da ake bugawa da inji a kan kanbas, a shafa masa gam mai haske da buroshi don ya yi gargada. A irin wannan za ka ga sawun ya ƙetare daga wuyan doki zuwa sararin sama ba tare da launi ya gauraya ba. Gilashin masu gyaran waya mai ninka girma sau 10 zai nuna maka ɗigo-ɗigon tawadar inji. Hanci ma na aiki: sabon zanen mai yana riƙe ƙanshin linsid na watanni, akirilik ba ya da shi. In warin kananzir ka ji, da shi aka sirka fentin, ka yi hattara.

Wurin da ya yi dishi-dishi kusa da wuri mai sheƙi, shafin ƙasa ne ya shanye man, banish, wato shafin kariya mai sheƙi da ake yi a ƙarshe, na gyara shi. Wurin da ya yamutse kamar fatar madara da aka dafa, mai ne ya yi yawa ko fentin ya yi kauri, kuma cikinsa ɗanye ne. Tsaga mai faɗi a sabon zane, wadda ake hango wani launi a ƙasanta, ƙa'idar nan ce da Malam ya faɗa aka karya, kuma ƙaruwa za ta yi. Ka tambayi wane fari aka yi aiki da shi. Farin tutiya yana gautsi da shekaru har ya ɓamɓare. Na titaniyam ya fi kwanciyar hankali. Ana ɗora mai a kan akirilik lafiya lau, amma akirilik a kan mai ɓarewa yake yi. Shi kansa akirilik ba jabu ba ne, manyan masu zane na aiki da shi tun shekarun 1950. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan mai.

Akwai kuma na hannu na gaske, da mai na gaske, amma kwafi ne da ake yi da yawa. Unguwar Dafen da ke Shenzhen a ƙasar Sin ta yi suna a wannan tun 1989. In ka ga zane iri ɗaya a shago uku da sa hannun da ba wanda ya san mai shi, kayan ado ne, ka biya kuɗin kayan ado.

Ɗan Sabongari:

Ni a kan farashi zan tsaya. Kuɗin yadi da fenti ƙaramin kaso ne. Abin da kake saya shi ne sunan mai zanen da tarihin aikinsa: inda ya yi karatu, nune-nunen da ya shiga, waɗanda suka riga suka sayi aikinsa, da abin da aka taɓa biya a bainar jama'a.

A Najeriya abin ba sabo ba ne. Aina Onabolu, wanda ya rasu a 1963, shi ya buɗe hanya. A 1958 ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu don haɗa dabarun Turai da fasahar gida. A 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams a Landan ya sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda ya yi a 1974, a kan fam miliyan 1.2. Irin wannan labarin ne ke jawo jabun manyan sunaye, don haka wanda ya zo maka da Enwonwu ko Grillo a araha ba takarda, ka bar masa kayansa. Kada kuma ka sayi zane da lissafin riba. Mafi yawan sabbin zane in ka tashi sayarwa ba za su dawo maka da kuɗinka ba.

Gidan nune, inda ake baje zane don sayarwa, yakan ɗauki kaso mai tsoka, har rabin kuɗin. A gwanjo akwai ladan da mai saye ke ƙarawa a kan farashin da aka buga, wanda a manyan gidajen Landan yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, ban da haraji da dako. Kamfanin Arthouse Contemporary a Legas ya fara gwanjo a 2008, sakamakonsu ma'auni ne mai kyau. Mai ƙaramin ƙarfi ya nufi nunin ɗaliban ajin ƙarshe na sashen zane a Zariya ko Yaba ko Auchi ko Nsukka, ya yi ciniki da mai zanen kansa. Wanda kuma ba ya son hoton mai rai a gidansa, akwai na ganuwa da zaure da dabino, da rubutun Larabci, da na launuka zalla.

Kada ka tafi sai da rasit da takardar shaida mai ɗauke da sunan mai zane, sunan zanen, shekara, tsawo da faɗi a santimita, kayan da aka yi da su, hoton zanen, da sa hannu. In mai zanen na raye kuma ta hannun dillali ka saya, ka tura masa hoto ya tabbatar. Sayen zane bai ba ka ikon buga shi a kalanda ko riga ba, sai da izininsa a rubuce.

Baban Amira:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya: daga Legas zan ɗauko zuwa Kano. A naɗe shi ko a bar shi a katako? In sa masa gilashi saboda ƙura?

Na-Samaru:

Amin. In girmansa zai shiga mota, ka bar shi a katakonsa, a tsaye, da kwali mai kauri gaba da baya, kada wani abu ya taɓa fuskar. Ledar nan mai ƙurji in ta kwanta a kan fenti cikin zafi, sai ta bar masa tambarinta. In dole sai an naɗe, a tabbata ya bushe sosai, a naɗe shi a kan bututun roba mai faɗin santimita 15 ko fiye, fentin yana waje. In yana ciki matsewa yake ya karye.

Babban abokin gabarsa a Kano sauyin iska ne. Zane ya fi son danshin iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. Da hunturu namu kan faɗo ƙasa da 20, da damina ya haura. Gam da katako su tsuke su saki, fenti ya gaji. Ka rataye shi a bangon cikin gida, ba wanda rana ke duka ta waje ba, ba ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ba, nesa da kicin da kaskon turaren wuta da hayaƙin janareta. Ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da bango saboda funfuna, a kuma rufe bayansa da kwali mara asid.

Gilashi ba dole ba ne, amma a garin ƙura yana da amfani, muddin an bar tazara kada ya manne da fentin. Banish kuwa, ka tambayi ranar da aka gama zanen. In bai kai wata 6 ba, a jira, kuma mai zanen ne zai shafa irin wanda ake iya cirewa, ba na kafinta ba. Ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe ta, daga sama zuwa ƙasa. A gaya wa masu share falo kada su kai masa jiƙaƙƙen tsumma ko sabulu ko man goge kujera.