Tsofaffin kaset-kaset na gem: abin da kowannenmu ya gani game da farashinsu

Malamin sakandare, unguwar Jahun

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa saye ko sayar da tsohuwar na'urar wasan bidiyo ko kaset ɗinta ya gaya mana abin da ya gani da idonsa, domin ina cikin wani al'amari da ba na son in yi masa gaggawa. A watan jiya muna haɗa kayan yayanmu da ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai muka tarar da na'urar gem ta Sega Mega Drive a ƙasan akwatinsa na ƙarfe, naɗe cikin tsohuwar shadda, tare da hannayenta biyu da kaset 7. Biyu daga cikinsu suna cikin gidajensu na baƙar roba, ɗaya ma har da ɗan littafin bayani, wanda marigayin ya rubuta sunansa da biro a bangon ciki. Ina firamare lokacin da ya zo da ita daga Jos, kuma ban manta da yadda yaran layinmu suke cika mana zaure ba duk daren da aka kawo wuta.

Yanzu kayan nan gado ne, akwai marayu a ciki, dole a yi musu kuɗi kafin a raba. Mutum na farko da na nuna wa ya taya duka naira 8,000. Wani matashi da ya ga hoton a WhatsApp ya ce zai ba da 45,000 nan take. Babban ɗan marigayin kuma ya nuna mini a wayarsa inda wani a ƙasar waje ya sa wa kaset ɗin wasan Sonic kaɗai, irin wanda ke cikin namu, ɗaruruwan daloli. Ina tsoron in sallama a ci haƙƙin yara, ina kuma tsoron in riƙe ina jiran kuɗin da ba za su zo ba.

Mai gyaran kayan lantarki, kasuwar Wunti

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Na kusa shekara 30 ina gyaran rediyo da bidiyo da talabijin, gem ɗin da suka bi ta hannuna kuwa ba zan iya ƙirga su ba, saboda haka shawarata ta farko ita ce kada a yi maganar kuɗi sai an tabbatar ko kayan na asali ne ko jabu. Mafi yawan abin da ya shigo Bauchi a wancan zamani ba daga kamfanonin da sunansu ke jiki ya fito ba. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom a Japan a 1983, amma wadda yaranmu suka yi wasa da ita, mai rawayen kaset ɗin nan da ake rubuta wa wasa dubu ko miliyan alhali 'yan wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa, kwaikwayo ce da aka ƙera a Taiwan da Sin. Mega Drive ma, wadda ta fito a 1988, an kwaikwaye ta sosai. Masu tara irin waɗannan kaya ba sa zuba manyan kuɗi a kan kwaikwayo, ko da wasan da ke ciki bai bambanta da na asalin ba ko kaɗan.

Gane su ba ya wuya idan an buɗe. Kaset na asali yawanci ba ya kwantuwa da sukundireban da ke kowane shago, domin kan notinsa na daban ne, allon cikinsa yana ɗauke da sunan kamfani, kuma za ka ga ƙwaƙwalwar zaune da ƙafafunta a jere an kama su da dalma tsaf. Na jabu sau da yawa wani baƙin ɗigo ne kamar kwalta a tsakiyar ɗan siririn allo, robarsa ba nauyi, hoton fuskarsa kuma dishi-dishi.

Bayan wannan sai lafiyar kayan, ƙasarmu kuwa ba ta raga musu. Ƙurar hunturu tana cika bakin kaset, laimar damina tana sa wa haƙoransa tsatsa, zafin bazara yana ɗaga takardar da aka liƙa. Ƙarfin wutarmu 230 ne, na Japan 100, na Amurka 120, kuma na sha karɓar gem ɗan gwanjo da aka soka a bango kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, ya ƙone tun daren farko. Wasu kaset ɗin suna da ɗan batiri a ciki mai riƙe inda mai wasa ya tsaya, shi ma yana mutuwa bayan shekaru. Duk wanda ya lalace ya rage yawan masu lafiya, kamfani kuma ya daina ƙerawa tuntuni, to ta yaya farashi zai tsaya wuri ɗaya? Shi kuwa wanda ya taya maka 8,000, kada ka ɗauke shi macuci. Kuɗin kayan gyara ya ba ka, domin bai san ko za ta kama ba, kuma idan ya ajiye ta a shago tana iya shekara ba wanda ya tambaye ta.

Tsohon mai gidan gem, Yelwa

Baba mai gyara ya yi bayanin kayan, ni kuma bari in faɗi abin da na sani game da masu saye. Na riƙe gidan gem a Yelwa daga 2003 zuwa 2012. Da PlayStation ta farko guda biyu na fara, daga baya na koma PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, har na tara guda 6. Ranar da na rufe shagon na sayar da su duka a kan kuɗin da bai kai na sabuwar talabijin ɗaya ba, saboda a lokacin hankalin kowa yana kan PlayStation 3. Kowace na'ura tana da irin wannan lokaci da take faɗuwa warwas, wato ta tsufa amma ba ta kai tsufan da za a yi marmarinta ba. Yau yaran da suke ba ni naira 20 su buga wasan ƙwallo na Winning Eleven sun zama ma'aikatan banki da 'yan kasuwa da malaman jami'a, kuma su ne suke kirana suna tambaya ko akwai saura a hannuna. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini so yake ya zauna da ɗansa su buga wasan da ya buga yana yaro. Mai irin wannan buƙata ba ya dogon ciniki, kuma ina zaton matashin da ya taya 45,000 ɗinku yana cikinsu.

Sai dai a nan gida akwai dalilin da ya fi marmari ƙarfi, shi ne canji. Kayan gwanjo ta Legas suke shigowa, musamman kasuwar Alaba, kuma da dala ake saro su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuma wajen 750, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Na'urar da farashinta bai motsa ba a Turai sai ga shi ta ninka a hannunmu, domin ɗan kasuwa yana lissafin abin da zai saro wata ne, ba abin da ya sayi wannan ba.

Har yanzu ina da buhu guda na faifai, amma kusan duk kwafi ne, irin waɗanda sai an yi wa na'ura aiki a ciki kafin ta karanta su, kuma ba mai ba da ko sisi a kansu. Faifan asali na PlayStation ta farko bayansa baƙi ne wuluk. Ko na asalin ma, wasannin ƙwallo su ne mafi araha, tun da kowace shekara ana fitar da sabo kuma ana buga shi da yawan gaske.

Uwar gida, Fadamar Mada

Ni tawa gajeriya ce. A 2016 da za mu tashi daga gidan haya na tattara kwali guda na gem ɗin yarana, har da ƙaramar nan ta hannu, Game Boy, wadda mahaifinsu ya yo musu tsaraba daga aikin hajji, na ba ɗan jari bola. Ya haɗa da tsohuwar fanka da tukwanen da suka huje, ya ba ni robar wanki biyu. Babban ɗana har yau idan aka tuno zancen sai ya yi shiru. Na san gidaje da yawa a garin nan haka suka yi, kwalayen ma tun ranar da aka sayo ake yage su ko a hura wuta da su. Malam, ko me za ku yanke, ku adana gidajen robar nan da ɗan littafin.

Ɗan unguwar Kobi, mazaunin Ingila

Hajiya ta taɓo ainihin wurin, domin a kasuwar masu tarawa sau da yawa kwali da leda sun fi kaset ɗin kansa kuɗi. Super Mario 64 ya fito a 1996, an sayar da fiye da miliyan 11, kuma tsurar kaset ɗinsa ba kwali ina ganinsa a shagunan gwanjo na nan a kan kuɗin da bai fi na cefanen kwana biyu ba. Amma a Yulin 2021 kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke Amurka ya sayar da guda ɗaya wanda ba a taɓa cire ledarsa ba a kan dala miliyan 1.56. Kwanaki kaɗan kafin nan an sayar da The Legend of Zelda dala 870,000, a watan Agusta kuma Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2, alhali a 2019 da irinsa ya kai dala 100,150 sai da ya zama labari. Wasan ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda aka saya wa yaro shekara 25 kafin gwanjon kuma ba a buɗe ba.

Akwai kamfanoni da aikinsu shi ne duba irin wannan kaya su ba shi maki, su rufe shi cikin akwatin roba garai-garai. Wancan Mario 64 ɗin maki 9.8 cikin 10 wani kamfani mai suna Wata ya ba shi, kuma ɗan ƙaramin bambanci a maki yana iya sauya farashi ninki-ba-ninki. Tashin ya zo daidai da kullen korona, lokacin da mutane suke zaune a gida suna neman abin ɗebe kewa, masu neman riba kuma suka shigo suna saye ba don su yi wasa ba. Daga baya aka yi ta zargin cewa da gangan aka hura farashin, har aka shigar da ƙara a Amurka a 2022, kuma farashin waɗannan rufaffun ya sauko ƙwarai. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda labarin miliyoyin ya sa kowa ya ɗaga kuɗin kayansa, har wanda yake son ya yi wasa kawai ya rasa na saye.

Akwai kuma waɗanda tun asali kaɗan aka yi. Stadium Events na kamfanin Bandai ya fito a Amurka a 1987, ba a jima ba Nintendo ya karɓe shi ya sake masa suna, saboda haka masu tsohon sunan suka yi wuyar samu, amma na Turai na wannan wasan bai ko kama ƙafar na Amurka a kuɗi ba. Kaset mai ruwan zinariya na gasar Nintendo ta 1990 guda 26 kacal aka yi. Wasannin da suka fito a ƙarshen zamanin na'ura, bayan mutane sun koma sabuwa, su ma kaɗan ake bugawa. Bugun farko ya fi bugun da aka sake mai tambarin Platinum daraja, na Japan kuma sau da yawa ya fi araha, saboda yana da yawa kuma ba kowa ke karanta rubutunsa ba.

Malam, game da Sonic ɗinku, na farkon ya fito a 1991 kuma tare da na'urar ake haɗa shi a kwali a sayar, don haka yana cikin mafi yawa a duniya. Abin da ɗanku ya gani kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba wanda aka biya ba. A eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, akwai wurin duba abin da aka riga aka sayar, can ne gaskiyar take. Ni da kaina na taɓa sayar da kaset 4 a can, da aka cire la'ada da kuɗin aikawa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, balle a ce daga Bauchi za a aiko. Sunan da aka rubuta da biro kuma yana rage kuɗin littafin a wurin masu tarawa.

Mai gyaran kayan lantarki, kasuwar Wunti

Ka kawo su ranar Asabar bayan la'asar, Malam, kada kuma ka soka ta a wuta kafin nan. Ina da tsohuwar talabijin mai ƙeya da na hana a sayar, saboda waɗannan na'urori sun fi fitar da hoto a kanta, bindigar roba ta wasan harbin agwagwa ma ba ta aiki a kan shafaffun talabijin na yanzu. Ka taho da ɗan marigayin ya gani da idonsa.

Malamin sakandare, unguwar Jahun

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Mun je wurin Baba ranar Asabar ni da yaron. Na'urar ta asali ce, ƙirar Turai, kuma da ya goge bakin kaset ɗin ya soka sai ga hoto ya fito tar. Daga cikin kaset 7 ɗin, 5 jabu ne, dukansu suna da baƙin ɗigon da ya faɗa, biyun da ke cikin gidajensu kuma na asali ne. Na kai bayanin nan gaba ɗaya ga malamin da zai raba gadon, ya ce a ɗauki mafi girman tayin da aka yi da gaske a garin nan, wato 45,000, a gaban shaidu biyu. Da aka zo nan sai yaron ya ce ba ya son a sayar, a lissafa ta cikin kasonsa, mahaifiyarsa da ƙannensa kuma suka amince. Littafin mai sunan mahaifinsa ya sa shi cikin leda ya haɗa da takardunsa na makaranta. Saura hannu ɗaya da maɓallinsa ya maƙale, Baba ya ce mu koma ranar Laraba mu karɓa.