Shin dole ne kowane import ya zauna a saman fayil?

Tsohon hannu: Jama'a, ga maganata, wanda bai yarda ba ya fito fili. A yaren kwamfuta na Python, duk wani `import`, wato layin da ke jawo kod daga wani fayil, wurinsa saman fayil. Haka PEP 8, jagorar salon rubuta kod na Python, ta tsara: na laburaren Python a farko, sai waɗanda ka sauko da su da pip, manhajar girka fakiti, sai naka na gida, da layi fanko tsakanin kowane rukuni. Wanda ya cusa shi cikin fankshin, ɓoye datti ya yi.

Sabon shiga: Malam, to ni jiya na karya dokar. `oda.py` yana kiran `kwastoma.py`, shi kuma yana kiran `oda.py`, Python ta ƙi tashi sam. Da na tura ɗaya cikin fankshin, nan take ya yi aiki.

Tsohon hannu: Ƙanena, ka rufe gyambo da tsumma ne. Fayil biyu da suka riƙe wa juna wuya, akwai abin da suke rabawa. Ciro shi ka ba shi fayil na uku, kowa ya ɗauka daga can.

Mai nazarin bayanai: A wannan na bi Malam, amma "duk" ɗin nan ta yi yawa. Ina da ƙaramin shiri mai umarni shida, ɗaya ne kacal ke buƙatar pandas, babban laburaren nazarin bayanai. Da na sa ta a sama, ko `--help` mutum ya buga a tsohuwar laftof sai ya zauna jiran lodin abin da ba zai taɓa ba. Na mayar da ita cikin fankshin ɗin da ke amfani da ita. Kuma ba lodi ake sakewa kullum ba, Python tana ajiye mojul a `sys.modules` tun karon farko. Ku buɗe kod ɗin Django kanta, sanannen tsarin gina shafukan yanar gizo da Python, za ku ga irin wannan.

Tsohon hannu: Hajiya, na ji, amma ki ji abin da ya same ni. Wani abokin aiki ya ɓoye import cikin fankshin ɗin rahoton ƙarshen wata, ashe ba a sa fakitin a saba ba, wato kwamfutar da shirin ke aiki a kanta. Shiri ya yi mako uku lafiya lau, sai daren biyan albashi ya faɗi. Da a sama yake, tun ranar farko zai ƙi tashi mu gyara da rana tsaka.

Mai nazarin bayanai: Wannan rashin gwaji ne, Malam, da an gwada fankshin ɗin ko sau ɗaya da an kama shi. Ni dai ina rubuta dalili a layin da ke sama da shi, don na baya kada ya zo ya "gyara" mini.

Tsohon hannu: Idan da dalili a rubuce da gwaji, zan bari ya wuce. Na `oda.py` kuwa ban yarda ba.

Sabon shiga: Na karɓi gyara. Na buɗe fayil na uku, `samfura.py`, yanzu, bari in kwashe abin da suke rabawa can in gani.