Buƙatun manhaja kullum canzawa suke, ya kuke yi da su?

mai_kod: Salam 'yan uwa. Muna da wani sistem na ajiye bayanan ma'aikata da ya daɗe yana aiki, takardar buƙatun (wato abubuwan da ake so sistem ɗin ya yi) da aka rubuta tun farko yanzu ko kaɗan ba ta yi kama da abin da sistem ɗin yake yi ba, kowa ya zo sai a ƙara masa wani abu, yau rahoto gobe sabon fom. Sake rubuta ta za mu yi daga farko ko ya?

tsohon_injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka wahalar da kanka, ko ka sake rubutawa kafin ka gama ta tsufa. Lehman, wani masanin kimiyyar kwamfuta, ya faɗi haka tun shekarun 1970, manhajar da ake amfani da ita dole ta riƙa canzawa in ba haka ba amfaninta ya yi ta raguwa, kuma tana canzawa tana ƙara cukurkuɗewa. Abin yi shi ne kowace buƙata ku ba ta lamba, ku rubuta wa ya nema da kuma DALILI, sannan lambar nan ta bayyana a kod da gwajin da ya shafe ta. Dalilin nan shi mutane suke tsallakewa, sai wanda ya nema ya bar aiki a rasa mai ƙarfin halin goge abin.

yar_scrum: Yallaɓai na yarda da lamba, amma ɗaure komai da komai ai aiki ne babba in ku uku ne kacal. Ku buɗe jerin aiki guda ɗaya a Jira, manhajar bibiyar ayyuka, mutum ɗaya ne zai riƙa cewa wannan gaba wannan baya, duk sati biyu ku duba. Ku raba buƙatun gida huɗu da tsarin da ake kira MoSCoW: dole, ya kamata, in da hali, ba yanzu ba. Wallahi da ka ce wa mutum ya zaɓa rabin "gaggawar" take bajewa.

tsohon_injiniya: Haka ne 'yata, sai dai ba wanda zai buɗe tikiti, wato ya shigar da buƙata a jerin aikin, ya ce kar akawu ya ga albashin wasu, ko shafi ya buɗe da sauri. Irin waɗannan a ajiye su a gajeriyar takarda daban, ma'aunin rubuta buƙatu na ISO/IEC/IEEE 29148 da ya maye gurbin tsohon ma'auni IEEE 830 a 2011 zai nuna muku tsarin.

mai_kod: Na gode ƙwarai. To tsofaffin abubuwan da ba a rubuta ba fa?

yar_scrum: Kar ku bi su duka. Ɓangaren da za ku taɓa kawai, ku zauna da masu amfani da shi ku rubuta yadda yake aiki yanzu kafin ku sa hannu.