Hannun ƙanena ya saki bayan karaya, likita ya ce a juya mashi jijiya. Wa ya san aikin nan?

Yayan Tela:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya san abin nan ko aka taɓa yi ma wani nashi. Ƙanena ne, tela ne, shagonshi na wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, bara kafin azumi ya faɗi da mashin a hanyar Batsari ya karye a damtsen dama, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. An yi ɗori, ƙashi ya kama lafiya lau, hoto ma ya nuna, amma tun ranar da abin ya faru hannun daga wuya ya saki, in ya miƙa shi sai ka ga tafin ya rataya kamar an rataya tsumma a igiya. Yana iya dunƙule yatsu amma bai iya buɗe su sai ya sa ɗaya hannun, babban yatsa ma haka. Almakashi ya gagare shi, ko kofin shayi ya ɗauka sai ya karkace ya zube mashi a riga. Yau wata 16 kenan.

Satin da ya wuce muka ga likitan ƙashi, ya duba shi sosai ya ce jijiyar ta mutu ba ta dawowa, amma akwai aikin da ake yi a ciro wata jijiya mai lafiya a cikin hannun a juya ta ta riƙa yin aikin wadda ta mutu. To nan fa Inna ta ce sam, wai ta ya za a kwance ma yaro abin da ke aiki a kai wani wuri, in aka rasa duka biyun fa? Ni ma wallahi na kasa ba ta amsa. Wurin da aka ciro ɗin me zai faru da shi? Kuma hannun zai koma ya iya ɗinki ko dai kawai don kar shi riƙa lilo ne?

Mai Gashin Ƙashi:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah shi ba shi lafiya. Ni ba likitan tiyata ba ce, gashi nake yi, amma masu irin wannan suna zuwa hannunmu kafin aiki da bayan aiki.

Abin da ya rikita ku da Inna kalmar jijiya ce, don mu Hausawa abu uku muke kira da ita: ta jini, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa kamar wayar lantarki, da kuma igiyar nan fara mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wato agara, irin wadda kake tauna a naman ƙafar sa ta ƙi taunuwa. Wadda ta mutu ma ƙanenka ta saƙo ce, likitoci na ce mata radiyal, tana zagayawa ne ta bayan ƙashin damtse manne da shi, shi ya sa karaya a daidai nan ke yawan taɓa ta. Ita ke ba tsokokin bayan hannu umarni su ɗaga wuyan hannu su buɗe yatsu. Wadda za a juya kuwa agara ce, ba ta saƙo ba. Tsokokin da ke ta cikin hannu lafiyarsu ƙalau don wasu jijiyoyin saƙo daban ke ba su wuta, sai a kwance bakin igiyar ɗaya daga inda take a zagayo da ita a saƙa ta cikin igiyar tsokar da ta daina aiki a ɗinke. Shi da yake tela ai zai gane, kamar bel ɗin keke ne ka cire daga wannan taya ka maƙala a wancan, inji na nan yadda yake.

Amsar Inna kuma, ba a ɗaukar wadda ba ta da mataimaki. Tsokoki biyu manya ke lanƙwasa wuyan hannu ciki, sai a ɗauki ɗaya a ba yatsu huɗu su riƙa buɗewa, ɗayar ta ci gaba da aikin. Wadda ke kifa tafin hannu ƙasa ita ake ba ɗaga wuyan hannu, kuma ko bayan an juya ta tana taimakawa wajen kifawar, ga wata ƙarama kusa da wuyan hannu mai wannan aikin. Babban yatsa kuma ana ba shi wata siririya da kusan zaman banza take, haɗa babban yatsanka da ƙaramin ka ɗan lanƙwasa wuyan hannu za ka ga ta taso a tsakiya kamar tsirkiya. Wasu mutane ma ba a halicce su da ita ba kuma ba su taɓa sanin sun rasa komai ba. In ƙanenka na cikinsu sai a ɗauki wata daga masu lanƙwasa yatsu.

Ɗan Sabuwar Unguwa:

Ni dai shawarata ku yi haƙuri ku ƙara jira. Abokina haka ya yi, hannu ya saki bayan karaya, ba a yi mashi aikin komai ba sai man zafi da addu'a, wata huɗu hannu ya tashi da kanshi yanzu haka Keke Napep yake ja. Likitocin nan da ka je sai wuƙa.

Mai Gashin Ƙashi:

Malam gaskiya ne abin da ka gani, mafi yawan waɗanda jijiyar nan ta saki bayan karaya tana dawowa da kanta don sau da yawa bugewa ta yi ba tsinkewa ba, kuma likitocin su ma jira suke cewa a yi wata uku zuwa huɗu kafin su yi maganar wuƙa. Amma duba lissafin. Jijiyar saƙo in tana tsirowa kusan milimita 1 take yi a rana, wajen inci guda a wata, daga tsakiyar damtse zuwa tsokar farko da za ta farka bai wuce tafiyar wata uku zuwa huɗu ba. Abokinka a wata huɗu ya tashi, daidai lissafi. Wannan wata 16 ne shiru. Kuma tsokar da ta zauna babu saƙo shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mahaɗarta da jijiyar lalacewa take, ko saƙon ya iso daga baya babu mai amsa sallama. Shi ya sa likitan bai ce a je a ɗinka jijiyar saƙon ba, lokacin wannan ya kusa wucewa ko ya wuce. Juya agara shi ba ya da wannan wa'adin, ko bayan shekaru ana yi, sharaɗin dai gaɓoɓin kar su sandare.

Nan ne ma nake jin tsoron jiran. Yaya don Allah ka kama hannun nashi yau ka ɗaga wuyan da yatsun da hannunka ka gani suna kai wa ƙarshe da laushi ko sun fara ƙagewa. In sun ƙage sai an fara gashi an sassauta su tukuna, tsokar da aka juya ba ta iya jan gaɓar da ta bushe. Kuma a samo mashi abin tallafe wuyan hannu ya riƙa sawa.

Direban Daura:

Yayan Tela ni aka yi ma wannan aikin, hannun hagu, shekara huɗu kenan, a Kano. Nawa ba karaya ba ce, gilashin mota ne ya yanke ni sama da gwiwar hannu, na yi wasa da abin har lokaci ya ƙure.

Bari in gaya maka abin da ba wanda ya gaya mani. Aikin kanshi ba shi ne wahalar ba, barci aka sa ni na farka na ga hannu cikin filasta an tallafe shi sama yatsu a miƙe kamar mai rantsuwa, haka na zauna wajen wata guda. Ranar da aka cire na zaci zan ga hannu ya tashi, na ce tashi, ko motsi, wallahi sai da hawaye suka zo mani na ce shi kenan kuɗina sun tafi. Sai mai gashin ta yi dariya ta ce Malam ba haka za ka ce mashi ba, ita tsokar har yanzu tsohon aikinta ta sani, ka yi kamar za ka kifa tafin hannunka ƙasa. Na yi niyyar kifawa kawai sai na ga wuyan hannu ya ɗan ɗago, kaɗan dai kamar kan ƙadangare. Na fi minti goma ina kifawa yana ɗagowa ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Sati da sati kana yi a gaban madubi kana kallo, wata rana ina alwala na ga na buɗe hannu na tari ruwa daga buta ban yi tunanin komai ba, to tun daga nan ƙwaƙwalwa ta karɓa.

Yanzu ina tuƙi Daura zuwa Kano, ina riƙe sitiyari, ina ɗaure kaya, ina ƙirga kuɗi. Amma kar in yi maka ƙarya bai koma kamar na dama ba. Yatsun huɗu tare suke buɗewa kamar ƙofar gareji, ba na iya ɗaga manuni shi kaɗai sosai in bar sauran, kuma wuyan hannun bai lanƙwasuwa ciki can kamar da. Bayan hannuna wajen gindin babban yatsa har yau a mace yake ko sauro ya cije ni ban ji, an ce mani dama aikin motsi yake dawowa da shi ba ji ba. Sai da na yi wata uku kafin aka bar ni in ɗauki abu mai nauyi, kuma wannan ku tsare shi a kai don ɗinkin na iya ɓallewa, matasa ba su da haƙuri.

Abu ɗaya da zai ba ka mamaki, ƙarfin damƙa ma dawowa yake. Gwada da naka, saki wuyan hannunka ƙasa ka dunƙule ka matse yatsan wani, sannan ka ɗaga wuyan ka sake matsewa ka ji bambanci. Shi ya sa kofi ke kuɓuce mashi, ba yatsun ne ba su da ƙarfi ba.

Baba na Rafindadi:

Ku gaya ma mahaifiyarku aikin nan ba sabo ba ne da za a ce gwaji za a yi da ɗanta. Tun yaƙin duniya na farko wani likitan Birtaniya Robert Jones yake yi ma sojojin da harsashi ya tsinke ma wannan jijiyar, ya rubuta yadda ake yi a 1916. Daga baya wani kuma Paul Brand da ya je Vellore a Indiya a 1946 ya ɗauki dabarar ya kai ta kan masu kuturta, waɗanda yatsunsu ke ƙanƙamewa su koma kamar ƙafar shaho, don ita ma kuturta jijiyar saƙo take ci. Mu da muka taso muna ganin masu zuwa asibitin kutare na Babbar Ruga mun san irin hannun nan sarai, da yawa a lokacin sun ɗauka in hannu ya kai haka sai dai bara. Ni abin da zan ƙara, ku tambayi likitan kai tsaye ko aikin hannu ne fanninshi kuma yana yin irin wannan a kai a kai, ba rashin kunya ba ne. Saitin igiyar shi ne gwanintar, in ta yi sako-sako hannu ba zai tashi sosai ba in ta yi tsauri ba zai dunƙulu ba. Ga asibitin koyarwa na tarayya nan cikin gari, ga na ƙashi na Dala a Kano, ba laifi ku ji bakin likita biyu.

Yayan Tela:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka. Ranka shi daɗe Baba za mu yi yadda ka ce. Hajiya mai gashi na gwada da daddare, wuyan hannun na ɗagawa har ƙarshe amma yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami sun ɗan yi tauri yana cewa zafi in na miƙe su duka. Na karanta ma Inna bayanin agara, ta sa kowa a gidan ya haɗa yatsu ana neman siririyar nan, ita tana da ita hannu biyu, autarmu ba ta da ita a hagu har ta fara kuka wai an ce ba ta cika ba.

Direba tambaya ɗaya, shi dai ƙanen nawa ya ce in tambaye ka, almakashi fa? Don buɗe almakashi da babban yatsa ake yi kuma shi ne abin da ya fi damunshi, yanzu yaronshi ke mashi yanka shi sai dai ya taka keke.

Direban Daura:

Ni ba tela ba ne kuma nawa hagu ne, amma yanzu na ɗauko almakashin uwargida na gwada da hannun a kan tsohon buhu. Yana buɗewa yana yankawa, sai dai na yi kamu uku na ji babban yatsan ya gaji kuma layin bai miƙe ba, ko da yake da na dama ma ban iya miƙe layi. Ka ce mashi ranar da zai koma wurin likita shi tafi da almakashin nashi a aljihu shi nuna mashi yadda yake riƙewa, ni da na je da maganar sitiyari sai da likitan ya sa na kama gefen kujera na nuna mashi yadda nake juyawa kafin ya ce ga wadda zai ɗauka.

Mai Gashin Ƙashi:

Yatsu biyun nan da suka yi tauri kar ku bari. Ku kai shi sashen gashi wannan satin, kafin nan safe da yamma a jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ɗumi fa ba zafi ba don bayan hannun bai ji sosai zai iya ƙonewa bai sani ba, ka gwada da naka hannun tukuna, a naɗe minti goma sannan a miƙe kowane yatsa a hankali a riƙe, ba fizga ba. Kuma in yana shan sigari shi aje, tana hana ɗinki kamawa da wuri.