Neman Shawara: Kali ta ƙi tashi a cikin VirtualBox, kuma laftof ɗin ba nawa ba ne

Mai tambaya (an ɓoye suna): Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, yayana yana cikin wannan zauren. Ina wani kwas na tsaron intanet, malamin ya ce kowa ya ɗora Kali Linux, wata babbar manhaja irin Windows da ake amfani da ita a harkar tsaron intanet, kafin darasin Asabar. Laftof ɗin da ke hannuna HP EliteBook 840 G3 ne, na Yaya ne, ya bar min da zai tafi bautar ƙasa. Da farko ma ƙaninmu ya so bai wa, Umma ce ta sa baki ta ce wancan wasan ƙwallo kawai zai riƙa yi a kai. Sharaɗin da ya gindaya min shi ne kar in taɓa masa komai, domin furojet ɗinsa na digiri da lissafin shagon da suke haɗin gwiwa da abokinsa duk suna ciki, har da hotunan bikin Anti. Shi ya sa na ce bari in sa Kali a cikin Windows ɗin ta hanyar VirtualBox, manhajar da ke ba da damar tayar da wata babbar manhaja a cikin wadda ake da ita. Na ƙona datata na sauke komai, ina danna Start sai wani jan rubutu ya fito, ta ƙi tashi. Wallahi barci ma ya gagare ni. Me zan yi?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Me jan rubutun ya ce? RAM, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, nawa ne a ciki? Wace Windows ce? Kin ba mu labarin gida kaf, amma abin da za mu duba ba ki faɗa ba.

Mai tambaya: Yi haƙuri yayana. Cewa ya yi "VT-x is disabled in the BIOS for all CPU modes". Windows 10 ce. RAM ɗin ina jin 4 ne.

Injiniya Abu Sadik: Ƙanwata, ki daina wahalar da kanki. Ni wannan harkar tun zamanin Windows XP nake cikinta. Da 4GB ba a gudanar da manhaja biyu a tare. Windows 10 kaɗai za ta cinye kusan rabi tana zaune ba ta yin komai, ki ba Kali 2GB, to burauza kuma da me za ki buɗe ta? Ga i5 ɗin wannan samfurin mai ƙwaƙwalwa biyu ne kacal. Kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, injin nan ƙarni na shida ne, Windows 11 ba ta karɓarsa a hukumance. Magana ɗaya ce: ki kwashe kayan yayanki a filash, a yi mata fomatin, ki ɗora Linux zalla. Duk wanda ya gaya miki wani abu daban bai san aikin ba.

Mai tambaya: Injiniya ka karanta abin da na rubuta kuwa? Fomatin fa ka ce. Yaya zai iya sallama ni daga gidan.

Baban Khalil: Ba sai an kai can ba. Wannan saƙon ba na RAM ba ne. Akwai wata dama a cikin injin Intel, ita ce VT-x ɗin, da ke bari manhajar ciki ta yi aiki kai tsaye a kan injin, ita ce a kashe. Ki kashe laftof ɗin, ki kunna kina danna F10 don shiga BIOS, wato saitunan laftof ɗin na kafin Windows ta tashi, ki shiga Advanced, sai System Options, ki sa alama a kan Virtualization Technology, ki adana ki fita. In kin dawo, buɗe Task Manager, ɓangaren Performance, ƙarƙashin CPU za ki ga ya ce Enabled. Kali ɗin kuma tana zaune ne a matsayin fayil guda a ma'ajiya, ba ruwanta da kayan yayanki. In kin gaji da ita ki goge fayil ɗin, shi ke nan.

Maman Ilham: Ku dai ku yi hattara da masu gyara. Ni na kai tawa da RAM 8, allon ne kawai ya fashe, na karɓo ta da 4. Da na koma sai yaron ya rantse min da Allah haka na kawo ta, maigidan shagon kuma ya ce shi bai ga komai ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Duk inda za ki kai, ki tsaya a kansa har ya gama.

Ɗan Zariya: Me ya kai ki VirtualBox tun farko? Akwai WSL, hanyar tayar da Linux da ke cikin Windows ɗin kanta, Kali tana nan a Microsoft Store, ba ta da nauyi. Minti goma kin gama.

Injiniya Abu Sadik: WSL wasan yara ne. Kuma WSL 2, wanda ya zo a 2020, shi ma sai an kunna VT-x ɗin nan yake tashi. WSL 1 ne ba ya buƙata, shi kuma ba ainihin ƙwayar Linux ba ce a ciki, rabin kayan aikin Kali ba za su yi ba. Ku riƙa bincike kafin ku ba mutum shawara.

Ɗan Zariya: Injiniya ba faɗa ba ne. Mai koyo ce, umarnin farko-farko za ta koya.

Mai tambaya: Malamin ya ce VirtualBox, kuma a allo yake nuna mana komai, in na yi daban zan ɓace. Baban Khalil na danna F10 ɗin, wani akwati ya fito yana neman kalmar sirri. Na sa ta buɗe Windows bai karɓa ba.

Baban Khalil: Kash. Wannan ta BIOS ce, daban take. Ki daina gwadawa haka nan. Laftof ɗin tokumbo ne?

Mai tambaya: E, na hannu ya saya.

Baban Khalil: To irin waɗannan daga kamfanonin Turai da Amurka ake kwaso su, sau da yawa ma'aikatan kamfanin ne suka kulle, mai sayarwa bai cire ba. Ko kuma yayanki ne ya sa. Ki tambaye shi kawai.

Mai tambaya: Ba zan iya ba. Zai ce me ya kai ni can.

Sani Mai Waya: A cire ƙaramin batirin da ke kan bod na minti biyar, kalmar za ta goge. Na sha yi.

Injiniya Abu Sadik: A tsofaffin kwamfutocin tebur ka sha yi. EliteBook ba a nan take ajiye kalmar ba, ko shekara batirin ya yi a waje tana nan daram. Sai mai na'urar rubuta cif ya buɗe ta ya sake rubuta shi. Shi ya sa na ce fomatin tun farko.

Baban Khalil: To Injiniya da me za ta tayar da filash ɗin ɗora Linux ɗin? Kali ba ta tashi in Secure Boot, tsaron da ke hana manhajar da ba a tantance ba tashi, yana kunne, kashe shi kuma sai an shiga BIOS ɗin da ke kulle. Ubuntu ko Mint, wasu nau'ikan Linux, za su iya tashi a haka ta F9, in ba a toshe tashi daga filash ba. Sannan in akwai BitLocker, makullin Windows na ɓoye bayanai, a kan ma'ajiyar aka taɓa waɗannan saituna, Windows na iya neman lambobi 48 na ceto, ita kuma ba ta da su.

Injiniya Abu Sadik: To ta sa Ubuntu. Ni ban taɓa ganin amfanin ba mai koyo Kali ba ma. Malaman yanzu burga kawai suke.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum daga Zinder. Ni matsalata ta ɗan bambanta. Tawa ta tashi lafiya, amma madannaina na Faransanci ne, AZERTY, ta cikin kuma ta ɗauka na Ingilishi ne. In na danna a sai q ta fito, kalmar "kali" ma ta shiga ta gagara. Wa ya san inda ake sauyawa?

Ɗan Zariya: Danna q a wurin a ka shiga tukuna, sai ka rubuta setxkbmap fr. Amma ka buɗe naka zaren mana, malam.

Hajara Kwamfuta: 'Yar uwa, akwai QEMU. Ita tana iya kwaikwayon injin gaba ɗaya da manhaja, ba ta jiran VT-x. Sai dai kowane umarni sai ta fassara shi kafin injin ya aiwatar, don haka tafiyar hawainiya za ki gani, da 4GB kuwa ki manta da allon hotuna, sai baƙin allon rubutu. Tsohuwar VirtualBox 6.0 ma tana tayar da manhaja mai bit 32 ba tare da VT-x ba, daga 6.1 aka cire wannan, amma Kali ta daina fitar da mai bit 32 a ƙarshen 2024. Ni dai da ni ce, Yaya zan kira. In ma ya sani, ki roƙe shi a ƙara RAM, samfurin nan gurbi biyu gare shi, DDR4, ana samu a Farm Centre in a Kano kike.

Mai tambaya: Na gode Anti Hajara, amma ba ku san Yaya ba ne. Kuma ni ba ni da kuɗin RAM, datar ma rance na ci. Ba wata hanya da za a kunna abin nan daga cikin Windows ba tare da kalmar ba? Wani a YouTube ya nuna kamar ana yi.

Baban Khalil: Kayan aikin HP na sauya saitin BIOS daga Windows ma sai an ba su kalmar.

Injiniya Abu Sadik: Na faɗa tun ɗazu ba a ji. Kwashe kaya, fomatin, Ubuntu. In ana so a turo min ita ta mota, kwana ɗaya na gama.

Maman Ilham: A turo ta mota? Hmm. Ki dai ƙirga RAM ɗinki kafin ta bar hannunki.

Mai tambaya: Ba inda za ta je. Bari in gwada QEMU ɗin daren nan in wuta ta zo. Anti Hajara, megabait nawa ce? Saura 600 gare ni.